Yadda Za Ka Samo Ɗumin Tsofaffin Amfilifayar Jaz da Fedojin Jita

Duk wanda ya taɓa kasa kunne ga jitar Charlie Christian, ko ta Wes Montgomery, ko ta Grant Green, ya san akwai wani abu a sautin nan da baki ke kasa faɗa. Kowace tsirkiya aka taɓa sai amonta ya fito a dunƙule, da nauyinsa, ba ya soka kunne, kuma ba ya ɓacewa a bayan fiyano da ganguna. Makaɗa suna kiran wannan abu ɗumi. Sai dai galibin masu neman ɗumin da duhu suke ƙarewa.

Ni ma ta nan na fara. Na murɗe maɓallin Tone na jitata har ƙasa, na rage Treble na amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara wa jita murya, na zauna a ɗaki ni kaɗai ina jin kamar na kamo bakin zaren. Ranar da muka haɗu gwaji da mai bes da mai ganga, sai ga shi ina ganin yatsuna suna aiki amma ba na jin abin da suke faɗa. Na ƙara murya, gunji ne kawai ya ƙaru. Daga nan na koma ina sauraron tsofaffin faifan da kunnen basira, na tarar ashe sautinsu ya fi yadda nake zato haske nesa ba kusa ba. Ɗumin a tsakiyar sauti yake zaune. Wanda ya gane wannan, feda biyu ko uku sun ishe shi, wato 'yan akwatunan gyara sauti da ake takawa da ƙafa. Wanda bai gane ba kuwa, ko ya shimfiɗa goma a gabansa, bargo kawai yake lulluɓa wa sifikarsa.

Me tsofaffin akwatunan nan suke yi wa sauti?

Kafin ka sayi komai, ka san wane zamani kake nema, domin sautin jaz na da ba iri ɗaya ba ne.

Christian ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939 da jitar Gibson ES-150, yana jona ta a amfilifayar Gibson EH-150, daga baya EH-185. EH-150 wat 15 ne ko kusa da haka. Ƙaramin abu ne a ce zai yi gogayya da masu busa, shi ya sa dole a buɗe shi sosai, kuma da an buɗe sai muryarsa ta ɗan dishe. Ka nemi kiɗan da aka naɗa masa a gidan kiɗan Minton's da ke unguwar Harlem ta New York a 1941 ka ji: akwai gurzawa a bakin kowane amo, kamar muryar mai busa sakso.

Zamani na biyu shi ne na ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960. Abin misali a nan Fender Deluxe ne mai rigar yadi ruwan ɗorawa, wanda ake kira tuwid, musamman samfurin 5E3 da aka ƙera daga 1955 zuwa 1960. Wat 12 zuwa 15, kwalaben 6V6 guda biyu ('yan bututun gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti a tsofaffin amfilifaya), sifika ɗaya mai inci 12, maɓallin Tone guda ɗaya tak. A wannan zamanin ne kuma Ampeg ya yi tashe a hannun 'yan jaz, domin mai kamfanin, Everett Hull, mutumin jaz ne, sauti mai tsabta yake so.

Na uku babu kwalba a cikinsa ko ɗaya. Tommy Gumina, makaɗin akodiyan, ya kafa Polytone a 1968, kuma ɗan akwatinsa Mini-Brute mai aiki da taransista ya zama abokin tafiyar Joe Pass da wasu manya tun daga shekarun 1970. Sautinsa busasshe ne, mai kauri, ba dishi. Ina ambatarsa ne don kada wani ya ce maka sai da kwalba ake samun ɗumi.

Abubuwa uku ne suke faruwa a cikin masu kwalaben zamani biyun farko. Na ɗaya, ba sa rarake tsakiyar sauti, wato tsakanin 300 zuwa 1,000 Hz (ma'aunin kauri da sirantar amo, ƙaramar lamba ita ce mai kauri), inda naman jita yake. Na biyu, idan ka doki tsirkiya da ƙarfi, wutar da ke cikin amfilifayar takan ɗan faɗi na ƙiftawar ido kafin ta dawo, sai bakin amon ya yi laushi, jelarsa ta yi tsawo, kuma kwalaben su ƙara masa wasu 'yan muryoyi a sama waɗanda kunne ke ji a matsayin kauri. Na uku, sifikar jita ba ta iya fitar da abin da ya haura kamar 5,000 Hz, tsofaffin ma tun kafin nan suke sarewa. Aikinmu da fedoji shi ne mu kwaikwayi waɗannan ukun.

Mataki na 1: gyara abin da ke shiga waya

Feda ba ta ƙirƙirar abin da ba a ba ta ba. Don haka fara da jitar a hannunka.

Fikof shi ne maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya mai ɗaukar sautinta, sai ka mayar da makunninsa zuwa na wajen wuya, ka bar shi nan. Idan jitarka mai ƙoƙon ciki ce irin ES-175, madalla. Idan ba ita ba ce, kada ka karaya: Ed Bickert na Kanada ya shafe shekaru yana kaɗa jaz mai taushi da Telecaster, katako ne zalla babu rami. Duba tsayin fikof ɗin. Danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe, tazarar da ke tsakaninta da fikof ta kai kamar milimita 2.5 zuwa 3, ka ɗan ƙara nutsar da ɓangaren manyan tsirkiyoyi. Fikof da ya matso da yawa shi ke kawo gunjin da mutane ke ta fama da shi a ikwalaiza, fedar da ke ƙara ko rage sassan sauti.

Sai tsirkiya. A ganina kuɗin da ka kashe a nan ya fi kuɗin kowace feda amfani. Nemi masu sulɓi, waɗanda aka naɗe da ƙarfe shimfiɗaɗɗe ba mai murɗi ba, irin D'Addario Chromes ko Thomastik-Infeld, masu farawa daga 0.012. Suna kashe ƙugin yatsa, suna rage ƙyalƙyalin sama tun daga tushe, kuma suna daɗewa, wanda hakan ke rage zafin tsadarsu. Amma sun fi ja, saboda haka wuyan jitar zai iya ɗan lanƙwasa. Kai ta wurin wanda ya iya saita ƙarfen cikin wuya idan ba ka saba ba.

Ɗan robar kaɗawa ya zama mai kauri, milimita 1.4 zuwa 2, mai zagayayyen baki. Kaɗa a daidai ƙarshen wuya, ka nisanci jaki. Gwada babban yatsa ma. Wes Montgomery da naman babban yatsansa yake kaɗawa, ya saba da hakan ne tun yana gwaji da dare bayan ya taso aiki don kada ya dami mutane, kuma rabin sautinsa a nan yake.

Maɓallin Volume na jita ka sauke shi zuwa 7 ko 8. A yawancin jitoci wannan kaɗai yana aske kaifin sama ba tare da ya dagula sauti ba. Tone kuma ka tsaya a 6 ko 7. Kada ka sauka ƙasa da 5 tukuna.

Mataki na 2: miƙe amfilifayar da kake da ita

Cire duk fedoji, jona jita kai tsaye. Nan akwai wani tarko da ba kowa ya sani ba: saka Bass da Middle da Treble duka a 5 ba ya nufin sauti ya miƙe. Amfilifayar da aka gina a kan tsarin Fender na 1963 zuwa 1967, masu baƙar fuska irin su Deluxe Reverb da Twin Reverb, da ɗimbin na zamani da suka kwaikwaye su, suna da rami a tsakiya tun daga ƙira. Kana sa komai a 5, ƙasa da sama sun yi tozo, tsakiya ta lotsa. Hanyar cike ramin ita ce ka kai Middle 8 ko sama, ka sauke Bass da Treble zuwa 2 ko 3, sannan ka ƙara Volume ya maye gurbin abin da ya ragu. Makaɗin jita George Benson ya ba da labarin cewa haka Grant Green yake yi: ya kashe Bass da Treble, ya buɗe tsakiya gaba ɗaya. Masu tsarin Ampeg da Polytone kuwa a tsakiyar maɓalli suke miƙewa, su sai ka bar su a nan.

Idan akwai makunnin Bright, kashe shi. Idan akwai ramukan jona jita biyu, gwada na biyun, mai lamba 2 ko alamar Low. Yana rage ƙarfin shiga da kusan 6 dB (ma'aunin ƙarfin sauti), yana kuma ɗan tausasa sama. Ɗaga amfilifayar daga ƙasa, ɗora ta a kujera, ka janye ta daga lungu. Bango da daɓe suna ninka gunji.

Mataki na 3: ikwalaiza, fedar da ta fi kowace muhimmanci

Da za a ce in zaɓi feda ɗaya in bar sauran, ikwalaiza zan ɗauka, ko da kuwa ita ce mafi arha a shago. Zan yi misali da Boss GE-7 domin ita ce aka fi samu, kuma kwafinta masu sauƙin kuɗi galibi lambobinsu ɗaya ne: 100, 200, 400, 800, 1.6k, 3.2k da 6.4k (duka Hz ne, k na nufin dubu), kowanne yana hawa ko sauka har 15 dB. Wannan 15 ɗin ba naka ba ne. Duk abin da za mu yi a wannan mataki, ban da a sandan 6.4k, bai wuce 4 ba.

Ka tuna babbar tsirkiyar jita a sake tana kan 82 Hz ne, ƙaramar tana kan 330, kuma amo mafi tsayi a gaɓa ta 22 bai kai 1,200 ba. Duk abin da ke sama da haka muryoyin rakiya ne da ƙarar taɓawa. Wannan zai nuna maka abin da kowane sanda yake riƙe da shi.

Fara da 6.4k. Ja shi ƙasa da 8 zuwa 10 dB. Wannan shi ne sifikar da ta tsufa: ƙyalƙyali da shuu sun tafi, amma jita ba ta rasa komai nata ba. Sai 3.2k, nan ne tsinin da ke soka kunne yake. Rage 2 ko 3 kawai. Kaɗa amo ɗaya a ƙaramar tsirkiya wajen gaɓa ta 12 da ƙarfi. Idan bai sa ka runtse ido ba, ya isa.

Kada ka taɓa 1.6k. Nan ne harshen jita yake, inda ake bambance wannan amo da wancan idan kana gudu. Masu kashe Tone har ƙasa wannan wurin suke yankewa ba su sani ba, shi ya sa suke nutsewa. Ni wani lokaci har ɗaga shi nake yi da 1.

Yanzu naman. Ɗaga 800 da 2 zuwa 3, ɗaga 400 da kamar 2. Yi a hankali, kana kaɗawa kana turawa. Za ka ji lokacin da ƙananan tsirkiyoyi suka daina zama kamar waya suka koma kamar murya. Idan ka wuce gona da iri a 800, jitar za ta fara magana ta hanci kamar mai mura. Idan a 400 ne, za ta yi kamar an kifa mata kwali. Da ka ji ɗayan biyun, koma baya kaɗan.

Sai ƙasa, inda mutane ke mamaki. Rage 100 da 3 ko 4. Tsofaffin amfilifayar nan ƙanana ne, bayansu a buɗe, ba su da ƙasa mai zurfi, kuma a ƙungiyar jaz wurin nan na mai bes ne. Shi kuwa 200 ya danganta da jitar: mai ƙoƙon ciki takan yi gunji a nan, sai ka rage 2, Telecaster ko Stratocaster kuma takan so a ƙara mata 1 ko 2.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka tsallake shi: daidaita Level har ƙarfin muryar ya zama ɗaya ko fedar tana kunne ko tana kashe. Kunnen ɗan Adam duk abin da ya fi ƙara shi yake ce wa ya fi daɗi. In ba ka daidaita ba, za ka yaudari kanka. Kuma GE-7 tana da shuu idan aka ɗaga sanduna da yawa, don haka ragewa ta fi ƙarawa alheri.

Mataki na 4: ɗan dishin nan

Wannan matakin shi ne mafi daɗi, shi ne kuma inda aka fi ɓata miya. Abin da muke nema kamar ƙanzon da ke gindin tukunya ne: ɗan kaɗan yana ba da ƙamshi, da ya yi yawa sai ƙauri.

Dalilin taka-tsantsan a fili yake. Mai kiɗan rok amo biyu ko uku yake haɗawa, masu jituwa da juna, shi ya sa gurzawa ba ta dame shi. Ɗan jaz kuwa yakan danne huɗu ko biyar, wasu maƙwabtan juna ne na kusa. Idan aka gurza irin wannan haɗi, amon suna haifar da wasu sabbin muryoyi a tsakaninsu waɗanda ba sa cikin kiɗan, sai kod ɗin, wato haɗin amon, ya zama taɓo.

Hanya biyu ce. Ta farko, fedar obadiraib ta gama-gari, wato mai sa wa sauti dishi. Ibanez Tube Screamer, wadda ta fito a 1979, tana da tozo a wajen 720 Hz kuma tana rage ƙasa, wato ta riga ta yi maka rabin aikin ikwalaiza. Boss SD-1 ta 1981 'yar uwarta ce, sai dai ita tana datse igiyar sauti a karkace, gefe ɗaya fiye da ɗaya, abin da ke kawo muryoyin da suka fi kama da na ƙaramar amfilifaya mai kwalba. Kowacce ka samu, ɗauki maɓallanta kamar fuskar agogo: Drive a can ƙasa, tsakanin ƙarfe 7 da 8, Tone a ƙarfe 9 zuwa 10, Level daidai da muryar asali. Idan da ita za ka yi aiki, koma ka rage abin da ka ɗaga a 800, in ba haka ba tozo biyu sun hau kan juna.

Ta biyu, fedar da aka ƙera musamman don ta kwaikwayi wata amfilifaya. Ga mai neman tuwid akwai Catalinbread Formula 55, da Wampler Tweed '57, da Woodrow '55 na Universal Audio. Tech 21 Blonde tana tafiya daga baƙar fuska zuwa tuwid da maɓalli ɗaya, kuma Joyo American Sound tana bin sawunta a farashi mai rahusa ƙwarai. Kada ka raina ta don arharta, na ji an fitar da sauti mai kyau da ita. Sa Voice ɗinta wajen ƙarfe 11 zuwa 12, Drive a ƙarfe 9, Mid a ƙarfe 1 ko 2, High a ƙarfe 10. Mai neman zamanin Christian kuwa, akwai Jr. Barnyard ta Nocturne da aka yi don sautin waɗancan tsofaffin Gibson ɗin.

Ga yadda za ka gane ka tsaya a daidai. Danne kod mai amo huɗu a tsakiyar wuya, shafa shi a hankali da babban yatsa. Dole ya fito tas, kana iya ƙirga kowane amo. Sannan ka doki amo ɗaya a tsirkiya ta uku da iyakar ƙarfin da kake kaɗawa in kiɗa ya yi zafi. A nan ne kawai ya kamata ka ji ɗan gashi a gefensa. Idan kod ɗin da ka shafa ma ya yi gashi, rage Drive, ko ka sauke Volume na jita zuwa 6. Hannunka ne zai riƙa buɗe dishin yana rufewa, kamar yadda yake a amfilifayar gaske. Don sautin 1941 za ka iya barin gashin ya ɗan fito fili, ka ƙara rage 100 da 6.4k, ka ƙara 800. Don sautin Joe Pass kuwa tsallake wannan mataki gaba ɗaya, ikwalaiza ta gama maka.

Mataki na 5: kwamfiresa, in da buƙata

Idan ka sa obadiraib, ta riga ta ɗan matse sautin, wataƙila ba ka buƙatar ƙari. Wanda ke kaɗawa ta amfilifayar taransista mai tsauri ko kai tsaye cikin miksa shi ne zai amfana da kwamfiresa, fedar da ke rage tazarar da ke tsakanin bugu mai ƙarfi da mai taushi.

Ana so ta kwaikwayi faɗuwar wutar nan ne kawai. In tana da lambobi, matsi 2:1 ko 3:1, kuma kada ta rage fiye da 2 zuwa 3 dB a bugu mafi ƙarfi. In irin MXR Dyna Comp ce mai maɓalli biyu, Sensitivity kada ya wuce ƙarfe 9. In tana da Blend, kamar Keeley Compressor Plus, bar rabin sautin asali ya wuce. Jaz da hawa da saukar murya yake numfashi. Layin da kowane amo ya fito da ƙarfi ɗaya ya mutu ko da yatsun sun yi daidai. Da ka ji wani ɗan "fok" a farkon amo, irin na masu kiɗan kantiri, ta yi yawa.

Mataki na 6: in babu amfilifaya sam

Da yawa yanzu miksa suke shiga kai tsaye, ko kwamfuta, ko abin sawa a kunne. A nan dole ka sami abin da zai tsaya a madadin sifika, domin lasifikar taro tana fitar da komai har sama da 15,000 Hz, kuma dishin da ke da daɗi a sifikar jita a can zai koma kamar ana yaga leda. Strymon Iridium, da Dream '65 da Woodrow '55, da Blonde da American Sound duk suna ɗauke da kwaikwayon sifika a cikinsu. A Iridium zaɓi Round, wanda aka gina a kan Deluxe Reverb, ka tura Middle ya wuce ƙarfe 12, zai karkata zuwa tuwid. In na'urarka tana ba ka zaɓi, ɗauki akwati mai sifika ɗaya inci 12 mai buɗaɗɗen baya, yanke sama a 4,500 zuwa 5,000 Hz, yanke ƙasa a 80 zuwa 100.

Kuskure ɗaya da ake yawan yi: a kunna kwaikwayon sifika sannan a shiga amfilifaya mai sifikar jita ta gaske. An tace sautin sau biyu ke nan, duhun da muke gudu ya dawo. Kashe kwaikwayon in ana iya kashewa. In kuma amfilifayarka tana da ramin Return a baya, shigar da irin wannan feda ta nan, ka tsallake maɓallan gaba.

Mataki na 7: amsa-kuwwa

A zamanin Christian babu amfilifaya mai amsa-kuwwa. Ampeg Reverberocket sai 1961 ta fito, Fender kuma sai 1963 ya fara saka ta a cikin amfilifaya. Abin da kake ji a tsofaffin faifai ɗakin naɗin ne, ko farantin ƙarfen nan EMT 140 da ya shigo situdiyo daga 1957. Saboda haka zaɓi Room ko Plate a fedarka, tsawon jela daƙiƙa 1 zuwa 1.5, Tone a duhu, Mix kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Ƙara har ka fara jinta, sannan ka rage kaɗan. A babban zaure mai siminti kashe ta, ginin zai yi maka.

Jerin waya da maganar wuta

Tsarin da muka bi wajen saitawa daban yake da tsarin jonawa. Waya ta tashi daga jita zuwa kwamfiresa, zuwa obadiraib, zuwa ikwalaiza, zuwa amsa-kuwwa, sannan amfilifaya. Ikwalaiza tana bayan obadiraib ne don ta share kaifin da dishin ya haifar. In kana da feda mai kwaikwayon amfilifaya da sifika, ta zauna kafin amsa-kuwwa.

Yawancin fedoji bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar fulogin shi ne nagatif. Duba alamar kafin ka jona, adaftar da ta juya tana iya ƙona feda nan take. Ƙananan irin su GE-7 da SD-1 wuta kaɗan suke sha, amma na dijital irin Iridium da na Universal Audio suna neman miliyamf 400 zuwa 500, kuma in ka haɗa su a igiya ɗaya da sauran za ka ji wani siririn kuka. Ba su tasu hanyar daban. Wanda ya yi odar kaya daga Amurka ya karanta jikin adaftar: can bolt 120 suke amfani da shi, namu a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ne. Idan kuma da janareta ake kiɗan, ka ji huu ya ƙaru, ruwa ba ya tsami banza. Sa batir a ikwalaiza da obadiraib ka gani ko zai ragu, ka jona amfilifaya da miksa a soket ɗaya, ka nisanci cajar waya da fitilu masu arha. Fikof mai naɗi ɗaya irin P-90 ya fi kwasar wannan ƙara. Juya jikinka a hankali da jitar a hannu, akwai kusurwar da take yin shiru.

Gwajin ƙarshe

Duk abin da ka saita a ɗaki da ƙaramar murya zai canja idan aka ɗaga ta, domin kunne yana ƙara jin ƙasa da sama in ƙara ta ƙaru. Don haka sake saitawa a ƙarfin da za ka yi wasa da shi, tare da abokan kiɗanka. Ajiye waya a ɗaya ƙarshen ɗakin, naɗi minti biyu, sannan ka saurara kusa da faifan wanda kake koyi da shi, a murya ɗaya. Sau da yawa za ka tarar naka ya fi nasa duhu, ya kuma fi nasa ƙasa. In haka ne, kada ka taɓa fedoji tukuna: buɗe Tone na jita da lamba ɗaya, rage 100 da ƙarin 2, sake naɗa. In kuma jitar mai ƙoƙo ta fara kuka da kanta, matsar da amfilifayar zuwa ɓangaren da kan jitar yake, kada sifika ta fuskanci cikinta, ka rage 200.

Da ka samu abin da kake so, manna farin tef a saman kowace feda ka ja layi da biro daidai inda maɓalli ya tsaya, sandunan ikwalaiza kuma ka ɗauke su hoto, domin a cikin jaka suke gocewa.